Tiriyal: lahadi guda a tuddan Yokshaya, inda mai haƙuri ke dafa dutse

In aka ambaci wasan babur a ƙasarmu, abin da ke faɗo wa kowa a rai shi ne tseren Paris-Dakar. Waɗanda suka manyanta suna tune da yadda ayarin ya ratsa Arlit da Agadas da Yamai tun zuwansa na farko a shekara ta 1979, da yadda a 1997 aka taso daga Dakar aka zo Agadas aka juya. Ƙura da ƙara da gudu kamar za a tashi sama, abin da muka sani ke nan, har tseren ya bar Afirka bayan an soke na 2008, ya koma Amurka ta Kudu, daga 2020 kuma ya tare a Saudiyya.

To, a ƙasashen Turai akwai wani wasan babur da ya saɓa wa wancan ta kowace fuska. Sunansa tiriyal. A cikinsa ba a tambayar wa ya riga wa isowa. Abin da ake dubawa shi ne wa ya ratsa duwatsu da laka da saiwoyin itatuwa bisa babur ɗinsa ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Sau da yawa ma mai tafiya da ƙafa yana iya wuce mai wasan. Wanda duk ke son ya fahimci tiriyal, kafin ya nufi gasar duniya, ya dace ya leƙa wurin da iyalai da abokai ke taruwa ranar hutu domin yin atisaye, domin kuwa a nan wasan yake rayuwa, daga nan kuma gwanayensa suke fitowa. Bari mu ɗauki misalin Yokshaya, wani yanki na arewacin Ingila wanda ya shahara da wannan wasa fiye da shekara 100, mu bi irin wannan rana daga safiya zuwa maraice.

Safiya a gonar mai tumaki

Yokshaya ƙasa ce ta tuddai da kwaruruka, mai yawan ruwan sama da hazo, inda aka kewaye makiyayar tumaki da katangun duwatsu waɗanda aka jera ba tare da siminti ba. Wanda ya san manyan duwatsun da ke zube cikin garin Damagaram, ya ƙaddara irinsu, amma baƙaƙe, jiƙaƙƙu, gansakuka ta lulluɓe su, ƙoramu kuma na gudana a tsakaninsu. A irin wannan wuri ne, cikin gonar wani manomi da ya ba da izini ko cikin wani tsohon ramin fasa dutse, ake taron lahadi.

Wajen ƙarfe 9 na safe motoci ke fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, wasu rufaffu na ɗaukar kaya, wasu na jan ƴar tirela mai babur 2 ko 3. Ana ɗauko baburan ne a mota saboda da yawansu ba su da lambar hawa titi. Ƙa'idar farko da kowane yaro ke koya, tun kafin ya tada inji, ita ce wanda ya buɗe ƙofar gona ya rufe ta. In tumaki suka fita titi, mai gona yana iya hana wurin baki ɗaya, kowa ya tafka hasara.

Baƙon da ya fara ganin babur ɗin tiriyal zai zaci ba a gama haɗa shi ba, domin ba shi da wurin zama. A tsaye ake tuƙa shi, bisa matakan ƙafa, tsakiyarsa kuma a lotse take yadda mahayi zai iya durƙusawa ya miƙe ba abin da ya tare shi. Nauyinsa kilo 70 ne ko kusa da haka, tankinsa ba ya cin lita 3, injinsa kuwa na manya yakan zama mai ƙarfin 250 ko 300. Akasarin injinan irin waɗanda ake gauraya wa isansi da ɗan baƙin mai ne, kamar yadda masu mobilet suka saba. Giyoyin farko an yi su ne domin ƙarfin hawa, shi ya sa babur ɗin ke iya tafiya a hankali kamar hawainiya ba tare da ya mutu ba.

Aikin farko na safiya shi ne rage iskar taya. Mai faci na bakin tasha in ya matsa tayar baya zai rantse ta sace, domin iskar da ake bar mata ba ta wuce kilo 0,3 ba, alhali babur ɗin titi yana shan kusan kilo 2. Dalili shi ne taya mai laushi takan baje bisa dutse ta rungume shi kamar tafin hannu, taurarriya kuwa sai ta zame. Bayan haka kowa ya sa hular kwano, da dogayen takalma masu kare ƙwauri, da safar hannu. Ba wanda ake bari ya hau ba tare da hula ba, ko da kakan gidan ne.

Yadda ake lissafi

Wurin da ake gwada gwaninta ɗan gajeren yanki ne da ake shatawa da ƴan tutoci ko zare, yana da mashiga da mafita. Bari mu kira shi zango. Zango yana iya zama cikin ƙorama mai santsi, ko hawan tudu mai saiwoyi, ko tarin duwatsu masu kama da matakala. A ranar atisaye manyan ne ke zagawa su kafa zango 5 ko 6, gwargwadon ƙarfin waɗanda suka zo.

Lissafin kuwa na tara ne, wato mai ƙarancin maki shi ne gwani. Wanda ya ratsa zango ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, sifiri gare shi, abin da kowa ke nema ke nan. Dira ƙafa sau ɗaya maki 1 ne, sau biyu maki 2, sau uku ko fiye maki 3. Wanda ya faɗi, ko ya fita daga iyaka, ko ya kasa ƙarasawa, ya kwashi maki 5. Batun tsayawa cak cikin zango kuwa, dokarsa ta bambanta daga gasa zuwa gasa: wasu sun yarda da shi muddin ƙafa ba ta sauka ba, wasu suna ɗaukarsa faɗuwa.

Akwai hikima cikin wannan lissafi wadda ɗan kasuwa zai gane nan take. Mahayin da ya ga babur na shirin kuɓuce masa yana da zaɓi biyu: ya dira ƙafa da gangan ya biya maki 1 ya tsira, ko ya yi taurin kai yana neman sifiri ya ƙare da 5. Dattawan wasan sukan nanata wa matasa cewa sanin lokacin da za a karɓi ƙaramar hasara yana cikin gwaninta.

Wani abin da ya sa wasan ya zama na iyali shi ne yadda ake raba hanyoyi cikin zango guda. Tutoci masu launi dabam-dabam suna nuna hanya mai sauƙi, da matsakaiciya, da mai tsanani. Ta haka kaka mai shekara 65, da ɗansa, da jikarsa mai shekara 10 za su shiga layi ɗaya, su ratsa zango ɗaya, kowa ta hanyar da ta dace da shi, sannan su tsaya su kalli juna. A ranar atisaye ba alƙali, abokai ne ke ƙirga wa juna, wani lokaci ma mutum shi ke faɗin makinsa da bakinsa. A ƙananan gasa kuwa masu riƙe takardar maki ƴan sa-kai ne, galibi iyaye mata da matan aure da tsofaffin mahaya, waɗanda ke wuni tsaye cikin ruwan sama ba a biyansu ko tamma.

Icce tun yana ɗanye

Kafin kowa ya shiga zango da babur, sai ya fara shiga da ƙafa. Za ka ga uba da ɗansa suna tafe cikin ƙorama, uban na nuna dutsen da ke motsi, da wanda ke da santsi, da inda tayar gaba za ta bi, da inda ta baya za ta biyo, domin a wurin kwana tayoyin biyu ba sa bin sawu ɗaya. Yaro yakan tsaya ya kalli mutum 3 ko 4 sun wuce, ya ga inda suka sha wuya, kafin ya koma ya ɗauko nasa.

Ƙananan yara kuwa a fili mai laushi suke wuni, nesa da duwatsu. A shekarun nan da yawansu suna farawa tun suna da shekara 3 ko 4 bisa ƴan babura masu aiki da batir. Wani Baturen Ingila mai suna Ian Smith ne ya ƙera wa ɗansa irin wannan babur a 2004, abin ya zama kamfanin OSET, wanda kamfanin Triumph ya saye a 2022. Amfaninsa ga iyaye shi ne ana iya rage masa ƙarfi da gudu daidai da yaron, ba shi da salansa mai zafi da za ta ƙona ƙafa, ba shi kuma da ƙarar da za ta dami maƙwabta.

Darussan farko ba su da ban sha'awa ga mai kallo. Ana ajiye duwatsu biyu a ƙasa, yaro ya yi ta zagaya su yana zana lamba 8, kan babur a murɗe har ƙarshe, a hankali iyakar iyawarsa. Ana koya masa tsayawa wuri guda bisa matakan ƙafa, birki a riƙe, yana daidaita nauyinsa da gwiwoyi. Ana koya masa ajiye yatsa ɗaya kullum bisa ambarayaji, wato kuloci, domin da shi ake auna ƙarfin da ke isa tayar baya, kaɗan-kaɗan kamar mai zuba magani a cokali. Ana kuma hana shi kallon tayar gabansa, domin babur yana bin ido ne: wanda ya ƙura wa rami ido, cikin ramin zai ƙare.

Sai an daɗe a kan waɗannan kafin a zo ga hawan dutse. Shi ma ba da ƙarfin tsiya ake yinsa ba. Mahayi yakan durƙusa ya danne babur, ya ɗan murɗa mai ya ɗaga tayar gaba ta sauka bisa goshin dutsen, sannan ya sake murɗawa yana miƙewa, nauyinsa ya bar tayar baya, ita kuma ta haye. Dukan wannan cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ne, kuma in aka saɓa jerin ko da ƙiftawar ido, sai babur ya tsaya a tsakiya ko ya juyo kan mai shi.

A nan ne aikin ɗan rakiya yake. Shi ne mutumin da ke tsayawa bisa dutsen, hannuwa a shirye, domin ya cafke babur in abin ya ƙi, yana kuma faɗa wa mahayin tazarar da ta rage tsakanin tayarsa ta baya da bakin rami, abin da shi ba ya iya gani. A gasar duniya wannan sana'a ce mai albashi. A ranar lahadi kuwa uba ne, ko wa, ko aboki. Yaro ba ya tunkarar dutsen da ya fi ƙarfinsa sai in ya amince da wanda ke tsaye a sama.

Hirar tsakar rana

Da rana ta yi tsaka sai a kashe injina, a buɗe bayan motoci, a fito da shayi mai zafi da burodi. A nan ake aron sifana, a gyara abin da ya lanƙwashe, a yi wa wanda ya faɗa ruwa dariya. A nan kuma yara ke jin tarihin wasan daga bakin tsofaffi, musamman waɗanda suka zo da baburan dā masu nauyi.

Asalin tiriyal gwajin inji ne. A farkon ƙarni na 20, lokacin da babur sabon abu ne kuma hanyoyi ba su da kyau, masu ƙera shi suna bukatar nuna wa masu saye cewa nasu ba ya mutuwa a hanya. Daga nan aka samo gasar kwana 6 ta Sikotilan, wadda ta faro a 1909, kuma ana yinta a watan Mayu a kewayen garin Fort William. A Yokshaya kuwa, a 1914, mai kamfanin babura Alfred Scott ya ƙalubalanci ma'aikatansa su ratsa tuddai bisa baburan da suke ƙerawa. Gasar da ke ɗauke da sunansa, wadda ake yi a watan Oktoba, tafiyar sama da kilomita 130 ce a wuni guda, da zango fiye da 70, kuma ta bambanta da sauran domin a cikinta ana lissafa lokaci tare da dira ƙafa. Da yawa daga cikin masu shigarta ba sa kai ƙarshe cikin lokaci.

Labarin da ba ya tsufa a irin wannan zama shi ne na Gordon Jackson, wanda a 1961 ya cinye gasar Sikotilan bisa babur ƙirar AJS, ya yi kwana 6 cikin duwatsu ya dira ƙafa sau ɗaya tak. Sai kuma na Sammy Miller, mutumin Belfast, wanda ya haɗa kai da kamfanin Bultaco na Ispaniya suka fito da wani babur marar nauyi mai suna Sherpa T. Da shi ya ci gasar Sikotilan a 1965, kuma cikin ƴan shekaru manyan baburan Ingila masu nauyi suka ɓace daga fagen. Tun daga lokacin cibiyar ƙera baburan tiriyal ta koma yankin Kataloniya, inda sunaye irin su Montesa da Gas Gas suka fito, sai kamfanin Beta a Italiya. Darasi ne ga duk mai sana'a: kamfanonin Ingila su suka ƙirƙiro kasuwar, amma wanda ya saurari bukatar mahayi shi ya gaje ta.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa tiriyal gadon gida ne tana nan cikin Yokshaya, a wani ƙaramin gari mai suna Silsden, mahaifar zuriyar Lampkin. Ƴan uwa uku ne. Arthur ya ci gasar Sikotilan a 1963, Alan ya ci a 1966, ƙaraminsu Martin ya ci sau 3 a jere daga 1976 zuwa 1978. Martin ɗin ne kuma ya zama zakaran duniya na farko a 1975, shekarar da aka fara gasar duniya a hukumance. Ɗansa Dougie, wanda aka haifa a 1976, ya riƙe kambun duniya shekara 7 a jere, daga 1997 zuwa 2003. A tsawon waɗannan shekaru, mutumin da ke tsaye bisa dutse yana jiran ya cafke babur ɗin Dougie mahaifinsa ne. Martin ya rasu a 2016.

A Kataloniya ma haka abin yake. Laia Sanz ta fara ne tana ƴar shekara 4 bisa ƙaramin babur ɗin wanta. Ta ci kambun duniya na mata sau 14, daga baya ta shiga tseren Dakar, inda a 2015 ta zo ta 9 cikin dukan masu babura, maza da mata. Toni Bou, wanda ya fara da tiriyal na keke yana yaro, ya karɓi kambun duniya a 2007 bisa Montesa, kuma har zuwa 2024 ba shekarar da ya kuɓuce masa, a fili ko a cikin zauren wasa. Faransa ma ta ba da nata zakarun, Gilles Burgat a 1981, da Thierry Michaud a 1985 da 1986 da 1988.

Abin lura shi ne masu tseren daji da yawa sun fito ne daga tiriyal, kuma misalin Laia Sanz ya nuna dalili. Wanda ya iya riƙe babur a tafiyar hawainiya bisa dutse mai santsi, in ya zo gudu ya riga ya san abin da tayarsa ke yi a ƙarƙashinsa. Wanda kuwa ya fara da gudu, ranar da hanya ta ƙuntata ba shi da abin da zai dogara a kai.

La'asar, lokacin gajiya

Bayan cin abinci akan tsananta zangunan kaɗan, a matsar da tuta, a ƙara dutse. Amma masu hankali sun san cewa la'asar ita ce lokacin haɗari. Tuƙi a tsaye na sa'o'i yana cinye cinyoyi da damatsa, hannu yakan sandare har yatsa ya kasa jan birki a kan kari. Da yake gudun kaɗan ne, raunukan tiriyal ba su kai na tsere muni ba, amma akwai targaɗe, da karayar wuyan hannu ko haƙarƙari, da babur mai faɗowa kan mai shi daga saman dutse. Saboda haka ake ɗaura wa mahayi wani zare a wuyan hannu wanda ke haɗe da makashin inji: da ya rabu da babur, zaren ya fizge, inji ya mutu. Saboda haka kuma ba a son mutum ya je atisaye shi kaɗai, domin wanda ya karye a bayan tudu yana bukatar mai kiran taimako.

A nan uba ke fuskantar jarrabawarsa. Yaro ya gwada dutse sau 5 ya kasa, ya fara hawaye, abokansa na kallo. In an matsa masa yana iya tsanar wasan har abada, ko ya ji ciwo. In an ce ya bari tun farko, ba zai san cewa abin da ya gagara a gwaji na 5 yana iya yiwuwa a na 10 ba. Ƙungiyoyin wasan suna yawan jan kunnen iyaye masu tsawa a bakin zango, domin an sha ganin yara masu baiwa sun ajiye babur saboda zafin ran iyayensu. Uban da ya iya yakan mayar da yaron kan ƙaramin dutse, ya bar shi ya ci nasara a can, a rufe ranar da daɗin rai, babban dutsen kuma yana nan yana jira har wani sati.

Filin aro

Duk wannan yana tsaye ne bisa abu guda mai rauni, wato izinin mai ƙasa. A Ingila dokar hanya ta 1988 ta hana tuƙa abin hawa mai inji a daji ko a hanyar ƙafa ba tare da izini ba. A Faransa dokar 3 ga Janairu 1991, wadda aka fi sani da sunan ministan muhalli na lokacin, Brice Lalonde, ta hana shiga daji da abin hawa mai inji in ba bisa hanyoyin da aka buɗe wa jama'a ba, tararta kuma tana iya kai yuro 1.500, wato kusan sefa miliyon guda. Saboda haka mai babur ɗin tiriyal ba shi da wurin zuwa sai filin da ƙungiyarsa ta yi yarjejeniya a kansa. A Ingila ƙungiyoyin suna ƙarƙashin hukumomi irin su ACU, wadda aka kafa a 1903, su ke ba da katin shiga gasa da inshora.

Masu adawa da wasan suna da hujjojinsu: ƙarar inji a wurin da mutane ke zuwa neman shiru, tayoyi masu ƙwaƙule ciyawa har ruwa ya zaizaye ƙasa, da firgita tumaki a lokacin haihuwa. Mutum ɗaya marar kunya da ya tsallake katanga ya shiga gonar da ba a ba shi ba yana iya jawo a rufe filin da ƙungiya ta yi shekara 30 tana lallashin mai shi. Shi ya sa masu shirya gasar Scott suke raba kuɗin da suka tara ga ƙungiyoyin taimako na ƙauyukan da suke ratsawa, shi ya sa kuma ake sa rai ga baburan batir na manya, irin waɗanda kamfanin Electric Motion ke ƙerawa a kudancin Faransa, ko za su rage ƙorafin ƙara.

Shekara ta 2001 ta nuna yadda wasan ke rataye a wuyan makiyaya. A shekarar ciwon baki da kofato ya ɓarke cikin dabbobin Birtaniya, aka hallaka sama da dabba miliyon 6, aka rufe hanyoyin karkara domin kada taya ko takalmi su ɗauki cutar daga gona zuwa gona. Gasar Sikotilan kanta ba a yi ta ba a shekarar. Masu babura suka ajiye su, domin sun san cewa ranar da manomi ya ɗauke su abokan gaba, wasan ya ƙare.

Sai batun kuɗi. Sabon babur na manya a shekarun nan yakan haura yuro 7.000, wato sama da sefa miliyon 4 da rabi, ban da hula da takalma da tayar baya mai saurin cinyewa. Duk da haka ana lissafa tiriyal cikin wasannin inji mafi araha, domin man da ake ƙonawa a wuni kaɗan ne, kuɗin shiga fili ba yawa, iyalai da yawa kuma na hannu suke saye. Babur ɗin yaro yakan bi gida 3 ko 4, daga wa zuwa ƙane zuwa ɗan maƙwabci, kafin ya mutu.

Maraice

A lokacin sanyi duhu na shiga Yokshaya tun wajen ƙarfe 4, saboda haka da wuri ake tashi. Yara ne ake aikawa su tsinto tutoci da zare, kada a bar ko guntu wanda tunkiya za ta haɗiye. A loda babura, a kwashe shara, wani babba ya biya ta gidan mai gona ya yi godiya, na ƙarshe ya ja ƙofa ya rufe. A gida kuma akwai sauran aiki, wanke laka da shafa wa sarƙa mai, kuma a gidaje da yawa doka ce wanda ya hau shi zai wanke.

Mu nan ba mu da wannan wasa, kuma ba lalle ne mu same shi gobe ba, ganin tsadar kayansa. Amma babur ya cika garuruwanmu, daga ƴan kabu-kabu zuwa ma'aikacin da ke kai ƴaƴansa lakwal da safe, kuma kowa ya san yadda akasarinmu muka koya: aboki ya ba ka aro, ya nuna maka giya da birki, ka hau titi. Abin da iyalan Yokshaya ke yi ranar lahadi, sashensa ba ya bukatar miliyoyi. Fili marar motoci, duwatsu biyu a ƙasa, hular kwano, da babba mai haƙuri da zai tsaya har yaro ya iya zana lamba 8 a hankali ba tare da ya dira ƙafa ba, kafin a ba shi makulli ya fita cikin jama'a. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.